In manyan da ba sa ga maciji suka shirya a kan "'yan ta'adda", wa zai kwana a ciki?

Ɗan Gadarif:

Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya bayan magariba muna zaune wajen mai shayi a bakin kasuwar riɗi, rediyo na ta batun wai manyan ƙasashe su jingine gabar da ke tsakaninsu, su taru su murƙushe masu ɗaukar makami da sunan Musulunci. Wani abokina dillali ya buga cinya ya ce magana ta ƙare, in Amurka da Rasha da Sin suka haɗa hannu ai sai barci. Ni kuwa jabanar da ke hannuna har ta huce ban kurɓa ba.

Ga dalilina. A 2005 ina yaron mota wajen kawuna, muna kai buhuna Hartum. A wani shinge wasu masu farin kaya suka sauke shi, suka juya ɗan littafin da yake rubuta lambobin abokan ciniki, suka ga na Najeriya da na Chadi, suka dubi gemunsa. Kwana 19 ba mu san inda yake ba. Ya dawo ba haƙora biyu, ba wanda ya kai shi gaban alƙali, kuma har ya rasu bai ƙara ajiye littafin lamba ba, a ka yake riƙewa. To ina tambayar masu ilimi a zauren nan: irin wannan haɗin kai alheri ne gare mu, ko dai ni ne maciji ya sara nake gudun tsumma?

Malam Na Maiurno:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan kawunka. Tsoronka na da tushe, don an taɓa yi mun gani.

Bayan harin 11 ga Satumba 2001, kowane mai mulki ya buɗe aljihu ya fito da nasa abokin gaba ya ce a buga masa hatimi. Putin na cikin yaƙin Checheniya na biyu tun 1999, ya mai da Gurozni babban birninta kufai, amma da ya ba Amurka hanyar shiga Afganistan sai muryar masu sukarsa ta yi ƙasa. Sin ta kawo nata: a 2002 Amurka ta sa ƙungiyar Turkistan ta Gabas, ta wasu 'yan Uigur, Musulmin yankin Shinjan na Sin, a jerin 'yan ta'adda, a daidai lokacin da take neman kada Sin ta kawo mata cikas kan Iraƙi. 'Yan ƙabilar Uigur 22 aka kai kurkukun Amurka na Guwantanamo, har aka bar jami'an Sin suka shiga suka yi musu tambayoyi. Daga baya aka ga ba abin da za a kama su da shi, mai da su gida kuma halaka ne, sai aka yi ta rarraba su: Albaniya, Bamuda, Falau, na ƙarshe suka tafi Sulobakiya a 2013. Mutumin da ya taso a Shinjan a jefa shi tsibiri a tsakiyar teku! A 2020, da zama ya yi tsami tsakaninsu, Amurka ta cire sunan ƙungiyar daga jerin. Sin kuwa ta riga ta fake da guzuma ta harbi karsana, kalmar nan ta zama mayafin abin da aka yi wa jama'ar yankin gaba ɗaya.

Mu nan Sudan ma ba labari aka ba mu ba. A Satumba 2004 Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya kira abin da ke faruwa a Darfur kisan ƙare dangi. Ba a cika shekara ba, a Afirilu 2005, CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, ta aiko jirgi ya ɗauki Salah Gosh, shugaban leƙen asirin Sudan na lokacin, zuwa Amurka, alhali Sudan na cikin jerin masu taimakon ta'addanci tun 1993. A fili ana zagin juna, a bayan gida ana musayar fayil. Cuɗe ni in cuɗe ka. Abin da ke dafa ni shi ne, lokacin da manyan ƙasashen suke faɗa, in ɗaya ya zalunce ka ɗayan zai yi maka ihu ko don ya kunyata shi. In suka shirya, wa zai yi?

Umman Yara, Bur Sudan:

Baba Malam, a yi mini afuwa, ban ƙi taka ba amma akwai saura. 'Yar ƙanwata tana aure a Bama lokacin da Boko Haram suka kama garin a 2014, a ƙafa ta isa Maiduguri da goyo. Mutanen nan mu suka fi kashewa, a masallaci da kasuwa. Kuma labarin sirri na ceton rai: a Disamba 2017 Putin da kansa ya gode wa Trump saboda bayanin CIA ya hana hari a Santa Fitasbag. A Maris 2024 Amurka ta yi gargaɗi, aka yi ko oho, sai ga harin zauren Crocus a gefen Mosko, mutum sama da 140. Ni a ganina "ga bom can, ku kula" daban, "sa min sunan wane in sa maka na wane" daban. Na farkon ina so, ko daga bakin wa ya fito.

Injiniya Damazin:

Yaya Ɗan Gadarif, ka ce wa dillalin nan ya rage buga cinya, shirin ba ya ko daɗewa. A 9 ga Satumba 2016 Kerry da Lavrov, ministocin harkokin wajen Amurka da Rasha na lokacin, suka amince su kafa cibiyar kai hari tare a Siriya. A 17 ga wata jiragen Amurka suka kashe sojojin Siriya a Dairuz Zur, a 19 aka ƙone ayarin agaji kusa da Halab, zance ya watse. Tun farko ba su yarda a kan wane ne ɗan ta'adda ba: Rasha na lissafa duk mai yaƙar Asad, shugaban Siriya na lokacin, Amurka na ba wasunsu makami. Ku dubi Mali kuma, garin Mura, Maris 2022: Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce aƙalla mutum 500 sojoji da baƙin mayaƙa suka kashe, duk da sunan farautar masu jihadi. Irin wannan ai ɗiban sababbin yara ne kyauta ga 'yan daji.

Ɗan Gadarif:

Na gode muku duka. Umma, rabewar da kika yi ta shige ni, zan kai wa abokina ita yau in an tashi daga gwanjon riɗi. Sai dai ina ta juya abu ɗaya. Masu farin kayan nan da suka sauke kawu, su ma ce mana suka yi labari suka samu, rai suke son ceto. Ni da nake tsaye riƙe da ƙofar mota, ta ina zan gane wanne ne daga cikin biyun? Baba Malam, in ka dawo daga isha'i ina jiran ka.