Musayar waƙa: Yusuf Islam da jitarsa

Ɗan Alaramma:
Salamu alaikum jama'a, labarin Yusuf Islam ne ya hana ni sakat, wanda da ake ce wa Cat Stevens, duk mai amsa ya amsa min don Allah abin ya shafe ni.

Ɗan Landan ne mai jita,
Turai duk sun san muryarsa.
Teku ta ja shi can Malibu,
Ya kira Allah da bakinsa,
Ya yi alkawarin zai Mai aiki
In dai Ya tsamo shi da ransa.
Wansa ya ba shi Alƙur'ani,
1977 ya yi shahadarsa.
Jitocin duk ya yi gwanjonsu,
Ya juya wa dandali bayansa.
To ni ma ga ni da murya,
Ga Baba da allo a zaurensa.
In na rera sai in ji tsoro,
In na yi shiru zuciya ta ƙi barcinta, haba, wa zai raba ni da abin nan da nauyinsa?

'Yar Zazzau:
Wa alaikumus salam ƙanena, ka yanke zancen a rabi.

Labarin bai tsaya nan ba,
Barin dandali bai sa ya zauna ba.
1983 ya buɗe Islamia,
Yaran Landan ba su rasa makaranta ba.
Ɗansa ya shigo da jita gida,
Ashe yatsun tsoho ba su manta ba.
2006 sai ga sabon faifai,
Kuma bai bar sallarsa ba.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Hajiya a bi a hankali, yaro ne ke saurare.

Kiɗa akwai saɓanin malamai,
Kar mu mai da shi abin wasa.
Shi kansa ya yi shekaru
Murya da ganga kaɗai ne nasa,
Da ya koma wa tsirkiya kuwa
Wasu sun juya masa baya, sun bar sauraronsa.
Waƙa kam ba mu hana ta ba,
Shehu ya yi, Nana Asma'u 'yarsa
Ta karantar da mata da baiti.
Yaro ya duba me ke cikin waƙarsa.

Ɗan Alaramma:
Allah gafarta Malam na gode, Yaya ke ma haka, wallahi amsoshinku sun sa na zauna na binciki kaina kuma abin da na tarar ba shi na zata ba.

Da dare ina situdiyo a ɓoye,
Na toshe kunne, na rufe ƙofa.
Da asuba ni ke kiran salla,
Tsofaffi na sa min albarka a kan shimfiɗa.
Maƙogwaro ɗaya ne ke yin biyun,
Ban taɓa jin ya canza ba ko sau ɗaya.
Yusuf hukuncin Allah ya tsorata,
Shi ya sa ya ajiye kaya.
Ni kuwa da na tona zuciya,
Kar a ce ɗan malam ya zama maroƙi, shi ne tsorona tun da daɗewa.
Gobe bayan la'asar zan sami Baba,
In karanta mai baitocina gaba ɗaya,
Wanda ya ce in cire, in tambayi dalili,
Ɓuyan nan dai na daina, na gaji da ƙarya.

'Yar Zazzau:
Allah Ya yi maka jagora ƙanena,
Amma kar ka faɗa zaure kai tsaye.
Fara bi ta ɗakin Inna tukuna,
Ita ta san lokacin da Malam ke sake.