Gina sabuwar madafa a gida: jika 800 za su isa?

Ɗan Garin Malam:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin gini a nan Damagaram, musamman magina da masu sayar da kayan gini. Shekara shida ke nan da muka tare a gidanmu, kuma har yau uwargida a rumfar kwano take girki, idan hadari ya taso daga gabas sai ta kwashe tukwane ta koma zaure. Bana na ƙudura in gina mata madafa ta sosai, mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3, a kusurwar da bangon ɗakinmu ya haɗu da katanga, domin in ci moriyar bango biyu da ke tsaye. Abin da na tara, har da kwasar adashen da zan yi a ƙarshen wata, jika 800 ne na kuɗin sefa. Wani magini ya zo ya duba, ya ce in ba shi jika 650 ya yi komai, kaya da aiki, amma bai rubuta mini komai a takarda ba. Shin in amince da wannan jimla, ko in sayi kaya da kaina? Kuma mene ne yake cin kuɗi wanda mutum ba ya lura da shi sai aiki ya yi nisa?

Tsohon Magini:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya cika buri. Jimlar da ba a rubuta ba, ba jimla ba ce, domin ranar da kuɗi suka ƙare shi zai ce ƙofa da taga ba sa cikin maganarku, kai kuma ka ce suna ciki, ba mai raba ku. Ka sa ya rubuta maka kaya daban, ladan aiki daban, sannan ka gwada lissafinsa da wannan.

Bango biyun da za ka tayar mita 7 ne, idan tsayinsu mita 3 ne ka samu murabba'in mita 21, a cire kusan 3 na ƙofa da taga, saura 18. Bulo mai tsawon santimita 40 da tsayin 20 yana cin guda 12 da rabi a kowane murabba'i, wato 225, ka ce 240 saboda masu fashewa. Ni ba na wuce bulo 35 a buhun siminti ɗaya, amma akwai masu fitar da fiye da 50, kuma irin wannan bulo da farce ma sai ka kankare shi. Idan ka haɗa na bulo da na ɗora shi, da tushe, da ginshiƙai, da ɗamarar kankare ta sama, da yaɓe ciki da waje, da daɓe, ka shirya wa siminti tsakanin tan ɗaya da rabi zuwa tan biyu. Tan ɗaya buhu 20 ne na kilo 50, saboda haka lissafin ba shi da wuya da zarar ka ji farashin ranar.

Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne katangar nan. Yawancin katangun gidajenmu ba a yi masu tushe mai zurfi ba, ba su da ɗamara, an gina su ne domin sutura, ba domin ɗaukar rufi ba. Ka tona gindinta da diga ka ga inda tushen ya tsaya, kuma ka tabbatar taka ce ba ta maƙwabci ba. In ta gaza, dole ka tayar da bango na uku, wanda a ɓangaren mita 4 zai ƙara maka bulo 150 da tushensa da yaɓensa. In kuma bangon ɗakin na ƙasa ne, kada ka bari ruwan sabon rufi ya riƙa zuba a gindinsa, ka sa indararo ya fitar da shi nesa. Duk mun ga abin da damina ta yi a 2024, lokacin da tsohon masallacin Birni ya rushe a watan Satumba.

Batun rufi kuwa, da kuɗin da ka ambata, kwano za ka sa. Rufin kankare na murabba'i 12 zai ci buhu goma ko fiye shi kaɗai, ban da ƙarfe da tsakuwa da hayar katako. Ka ɗaga kwanon sama sosai, ka bar kafar iska a ƙarƙashinsa, zafin zai ragu.

Uwargida daga Karkada:

Malam, ina yi wa matar gidanka murna, amma ina roƙonka ka zaunar da ita kafin a ɗora bulo ko ɗaya, ita ce za ta wuni a ciki. Lokacin da aka gina tawa, maigida da magini suka gama shawararsu su biyu, sai da aka shimfiɗa karo, wato tayil na daɓe, aka gama sannan aka tuna ba a bar hanyar fitar ruwan wanke-wanke ba. Haka aka fasa sabon daɓe ina tsaye ina kallo, aka binne tiyo, aka sake sayen karo wanda launinsa bai zo daidai da na farko ba, har yau tabon yana nan a bakin ƙofa. Da aka zo haƙa ramin da ruwan zai tafi, ba a yi nisa ba aka tarar da dutse, abin da duk ɗan garin nan ya san yana iya faruwa, sai da aka kira masu fasa dutse aka biya su daban. Wannan ramin da tiyonsa da murfinsa ba su shiga lissafin kowa ba.

Kada kuma ka rushe tsohuwar rumfar. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 gas ya yawaita a gidaje, amma tuwon gida mai yawa, da girkin suna, da suyar naman layya, duk a murhun itace ake yin su, kuma idan aka hura itace cikin sabuwar madafa, cikin wata guda bango zai yi baƙi ƙirin. Ciki na gas ne, waje na itace da turmi. A bar wata ƙaramar kafa ƙasa-ƙasa kusa da inda tukunyar gas za ta zauna, domin gas ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya. Ƙofar kuma kada ta kalli gabas.

Mai shagon kayan gini:

Ina goyon bayan Baba magini a kan komai, sai dai ya manta da ruwa. Buga bulo, da ban-ruwan da ake yi masa na mako guda, da kwaɓi, da yaɓe, duk tano-tano suke sha, kuma wanda ya fara gini tsakanin Maris da Mayu, lokacin da pampo ke ɗaukewa a unguwanni da yawa, a hannun ƴan garuwa zai sayi kowane bido da tsada. Ka fara bayan damina, daga Oktoba zuwa Janairu.

Game da saye, ƙarfe da kwano da ƙofa kana iya sayensu tun yanzu ka ajiye, amma siminti ka ɗauke shi kashi-kashi, domin idan ya daɗe yana shan danshi daskarewa yake yi. Ka tambayi farashi a shago uku, simintin Malbaza da wanda ke shigowa daga Najeriya ba kullum suke tafiya daidai ba, shi na biyun yana bin canjin naira da halin da iyaka take ciki. Ladan magini ka raba shi uku: bayan tushe, bayan rufi, bayan yaɓe. Jika 100 kuma ka ɗauke su daga cikin 800 ɗin ka ba uwargida ajiya, ka yi lissafinka kamar 700 gare ka.

Ɗan Garin Malam:

Na gode maku duka, Allah ya saka da alheri. Baba magini, na tona gindin katangar da yammacin jiya, tushenta bai kai kamu biyu ba, kuma maƙwabcina ya tabbatar mini mahaifinsa ne ya gina ta. Saboda haka bango na uku ya zama dole. Na yi magana da uwargida kamar yadda Hajiya ta ce, ta yarda a bar karo sai baɗi, a yi daɓen siminti kawai, amma a binne tiyon tun yanzu. Ranar Asabar magini zai dawo da lissafinsa a rubuce, zan kawo shi nan ku duba mini adadin ƙarfen, domin shi ne ban iya ƙirgawa ba.