Wace kalma za mu ba takardar harajin da ɗalibanmu ke cikawa a Amurka?

Jama'a, kalma nake nema, kuma zan faɗi wadda hankalina ya kwanta da ita domin ku gyara mini in na kauce.

Kawuna yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, 'yarsa kuma tana karatu a Amurka. Cikin watan Maris ta kira shi ta ce kwana biyu ba ta da sukuni, tana fama da "tax return". Yana ajiye waya ya kira ni hankali a tashe: "Ɗana, haraji suka ɗora wa yarinyar nan? Nawa ne, in nemi dala?" Maƙwabcin rumfarsa da ya ɗan taɓa boko ya ce a'a Alhaji, ai "ritan" dawowa ke nan, gwamnati ce za ta dawo mata da kuɗi. Duk su biyun ba su dace ba, kuma ban ga laifinsu ba, tunda Hausa ba ta tanadar musu kalmar ba.

Ga yadda abin yake. Takarda ce da mutum ke cikawa sau ɗaya a shekara, ya faɗa wa hukumar harajin ƙasar, wato IRS, abin da ya samu daga Janairu zuwa Disamba da abin da aka riga aka cire masa. Ɗalibi mai bizar karatu ta F-1 baƙo ne a wajen haraji a shekaru biyar na farko, don haka fom ɗinsa daban, 1040-NR. Idan yana ɗan aiki a cikin makaranta, wanda ba a yarda ya wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu, za a ba shi takardar W-2 a ƙarshen Janairu mai nuna albashinsa da abin da aka yanka. Da ita zai cike fom kafin 15 ga Afrilu ta wuce. Daga nan ko a biyo shi ciko, ko ya biyo gwamnati, ko a tashi babu bashi.

Akwai kuma fom 8843, wanda ɗalibi zai aika ko da bai samu sisin kwabo ba duk shekarar. Wannan kaɗai ya isa ya kayar da "biyan haraji", domin ga mutum ya sauke nauyin da ke kansa alhali bai biya komai ba.

Na daɗe ina tunanin abin da ya hana mu samun kalmar. A ganina, mu haraji zuwa yake yi ya same mu. Dagaci da mai unguwa ne ke ƙirga kawuna, a ƙirga shanu a yanka jangali, talaka nasa biya ne da karɓar rasit. Haka aka yi ta yi har Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su a 1979. Mai albashi kuma tun kafin kuɗi su shigo hannunsa an cire. Ba mu saba da tsarin da mutum zai zauna da kansa ya faɗa wa hukuma samunsa ba. Alhali ko a nan Legas doka ta ce kowa ya miƙa wa hukumar harajin jihar, wato LIRS, irin wannan takarda kafin 31 ga Maris ta wuce. Yawancinmu ba ma tunawa da ofishin sai ranar da aka nemi takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku, ita kuwa wata aba ce daban.

Na gwada "rahoton haraji", sai na ji kamar aikin ɗan jarida. Wani yayanmu a Idi Araba ya kawo "bayanin kuɗin shiga". Ta yi kusa ƙwarai, amma rabin aikin ta ɗauko, ta bar abin da aka cire da wanda ya saura.

Wani dattijo ne a Agege ya buɗe mini ido bayan la'asar. Da na gama kwatanta masa sai ya ce: "Yaro, ai lissafi ne wannan. In shekara ta zagayo, mai dukiya ba zama yake yi ya yi lissafi kafin ya fitar da zakka ba? Wani ya tarar ta kai nisabi, wani bai kai ba, amma kowa ya yi lissafin." Nan take na tuna yaron rumfar kawu da ke zuwa da yamma ya ba da lissafi: buhu kaza aka sayar, kaza aka ba 'yan dako, ga abin da ya rage. Babu ɗan kasuwar da zai ji kalmar ya ɗauka biya ake nufi, ko karɓa.

Saboda haka na tsaya a kan lissafin haraji, takardar kuma takardar lissafin haraji. Aikin miƙa ta sai mu ce shigar da, yadda ake shigar da ƙara a kotu. Kuɗin da hukuma ke mayarwa in ta cire fiye da ƙima, rarar haraji. Wanda ake biyo mutum, cikon haraji.

Raba su yana da amfani sosai, domin iyaye kada su sa rai rarar dole ce. Kason tallafin karatu da ya shafi masauki da abinci ana cire masa kashi 14 cikin 100, kuma Najeriya ba ta da yarjejeniyar harajin samu da Amurka da za ta rage wa 'ya'yanmu wannan, kamar yadda ɗaliban wasu ƙasashe ke samu.

Da na koma wa kawu da kalmomin, sai ya ce: "Au, ashe rarar canji ce, in an ba su fiye da nasu su maido." A daren ya kira ta, ina zaune na ji yana tambaya: "Uwata, kin shigar da lissafin naki kuwa?"

Saura guda da ta gagare ni: cirewar da ake yi wa albashi kafin ya iso hannu. Na rubuta "yankan tushe" na ajiye, amma kunnena bai gama amincewa ba. Mutanen Sakkwato da Damagaram, yaya kuke faɗinta a wajenku?