Abin da iyaye suka tsayar kan dundumin yara a Maraɗi

Iyaye da masu renon yara sun zauna kan ƙarancin bitamin A. Shawara ta farko: yaron da ke tuntuɓe ko lalube da magariba, a kai shi asibiti, dundumi ne alamar farko. Daga wata 6 zuwa 59 ana ɗiga wa yaro ƙwayar bitamin A duk bayan wata 6, kada a tsallake, musamman bayan ƙyanda ko zawo.

Maganar abinci ce ta fi tsawo. Kunu da biskit kaɗai ba sa isa. A sa kwaɗon zogale, kabewa, karas, mangwaro, ƙwai ko hanta a kwanon yaro. A zuba ɗan mai ko ƙuli-ƙuli, domin jiki ba ya ɗaukar wannan bitamin sosai sai da maiƙo. Wannan ne iyaye da yawa ke mantawa.