Jijiyar da ta tsinke: abin da muka tsinta daga bakin likitoci

A wata hira da likitoci, maganar ta taso ne a kan wani ɗan acaɓa da ya karye a dantse, ƙashi ya haɗe amma hannun ya saki daga wuyansa, ko kofin shayi ba ya iya ɗagawa, saboda karayar ta taɓa jijiya.

Likitocin suka ce jijiyoyin hannu da ƙafa, wato masu kai saƙon ji da motsi, suna iya sake tsiro, saɓanin laka. Idan jijiya ta yanke, guntun da ya rabu da tushe yana ruɓewa cikin 'yan kwanaki, kamar yadda wani masani ɗan Ingila, Augustus Waller, ya gani a jikin kwaɗi a 1850. Daga nan ƙwayoyin Schwann, waɗanda suka lulluɓe jijiyar, sai su sauya aiki. Su da fararen ƙwayoyin jini su share tarkace, sannan su jeru kamar kwalbati, su fitar da sinadaran da ke jan sabon tsiro. Tsiron nan kusan milimita 1 yake yi a rana.

Shawarar da ta fi ratsa ni: kada a zauna jira. Tsokar da ta rasa jijiya tana ƙanjamewa, bayan wata 12 zuwa 18 kuma da wuya ta dawo. Yankan wuƙa ko gilashi, a ɗinke jijiyar da wuri. Raunin jijiya na karaya yakan farfaɗo da kansa, amma in wata 3 ya wuce shiru, a koma asibiti.

Kafin nan a riƙa motsa gaɓoɓi kullum, a tallafe wuyan hannun. A kuma kiyayi murhu da ruwan zafi, domin fatar da ba ta ji takan ƙone mai ita bai sani ba.