Adana Kokwamba a Kwalba: Abin da Aka Tsayar a Hirar

Da muka zauna kan yadda za a yi da kokwamba idan ta yi yawa a lambu, kowa ya yarda cewa aikin daga tsinka yake farawa. A zaɓi ƙanana masu ƙarfi, a sarrafa su a ranar. A yanke ɗan bakin da fure ya fito, domin shi ke sa ta yi laushi.

An fi daɗewa a kan ruwan jiƙon. Khal (wato vinegar) mai tsamin kashi 5 cikin ɗari ake so, kofi ɗaya na khal, kofi ɗaya na ruwa, sai gishiri, tafarnuwa da masoro. Wasu sun so rage khal wai tsami ya yi yawa. Ban goyi bayansu ba, tsamin nan shi ke hana ƙwayar cutar da ke sa guba rayuwa a rufaffiyar kwalba. In tsamin ya dami mutum, a ƙara sukari. Kuma kada a tafasa ruwan jiƙon a tukunyar alminiyam.

Bayan an zuba kokwamba da ruwan jiƙon a kwalba, a bar sararin kamar santimita ɗaya a sama, a goge bakin kwalbar, a rufe, a nutsar da ita a tafasasshen ruwa. Minti 10 ya isa ƙaramar kwalba a bakin teku, amma a Kano ko Jos sai 15, saboda tudu.

Washegari a danna tsakiyar murfin. In ya lotsa ya dawo, bai kama ba: a sa a firji, a fara cinye wannan. Sauran a ba su wata guda kafin a buɗe.