Baƙon dodon koɗi a tafkunan bakin teku: maganin tsargiya ne ko sabuwar annoba?

Likita: Ina nan kan bakana, shigar dodon koɗin nan Tarebia granifera cikin ruwayen lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu alheri ne. Tsargiya ba ta kama mutum sai ƙwayar ta ratsa ta jikin wasu dodannin koɗin ruwan daɗi, Bulinus ko Biomphalaria. A tsibiran Karibiyan, irin su Puerto Rico da Martinique, an ga yadda Tarebia da ɗan'uwansa Melanoides suka rage Biomphalaria ƙwarai. Abin da ake kashe kuɗi a kansa da feshin magani, ga shi ya zo kyauta.

Malama mai nazarin halittun ruwa: Likita, abin da ya faru a Karibiyan gaskiya ne, amma tafkin bakin teku daban yake. Asalin wannan halitta kudu maso gabashin Asiya ne, an fara ganinta a Afirka ta Kudu a 1999. Mace kaɗai ta isa ta cika tafki, domin ba ta bukatar namiji, kuma ba ƙwai take zubarwa ba, 'ya'ya take haifa da ɓawonsu. Akwai wuraren da aka ƙirga sama da 20,000 a murabba'in mita ɗaya. Abincinsu siririyar gansakukar da ke lulluɓe yashin ƙasan ruwa, wadda ita ce abincin ƙananan halittun da kifi ke kiwo a kansu. A tafkin St Lucia na KwaZulu-Natal, wanda ya fi jin jiki shi ne ɗan ƙaramin dodon koɗin gida, Assiminea, wanda ba ruwansa da tsargiya.

Likita: To ai gishiri zai taka wa Tarebia burki, Malama. Ruwan teku na da gishiri kusan giram 35 a lita ɗaya, shi kuwa na ruwan daɗi ne.

Malama: Nan mutane ke ruɗuwa. Yana da murfi a bakin ɓawonsa. Idan gishiri ya hau sai ya rufe ya nutsa cikin yashi, kuma a gwaji ya yi makonni da rai a ruwa mai giram 30. Lokacin fari, da gishirin wasu sassan St Lucia ya zarce na teku nesa ba kusa ba, sai ya fake a gaɓar gabas inda ruwan daɗi ke tsatsowa daga ƙarƙashin tudun yashi. Damina na sauka ya sake bazuwa. Bulinus da Biomphalaria ne gishirin yake kashewa tun da wuri, don ba su da murfi. Ke nan a irin wannan ruwa babu ma wani mai tsargiya da zai kora.

Injiniya: A ƙara da ɓarnar bututu. Ɓawonsa na da tauri, yana taruwa a matsayar ruwa ya toshe bututu, ya cinye haƙoran famfo. Rariya mai manyan huda ba ta tare jariransa. Niclosamide kuma, maganin kashe dodon koɗi da ake fesawa, kifi yake fara kashewa, shi ko ya rufe murfi ya jira ƙarfin maganin ya wuce.

Likita: Na karɓi maganar gishiri. Amma a tafkin ruwan daɗi zalla kamar Sibaya, hujjata na nan.

Malama: Ko a can da sauran magana, ranka ya daɗe. Bulinus a jikin ciyayin ruwa ya fi zama, Tarebia a ƙasan yashi, ba lallai su yi karo ba. Kuma shi ma ba fanko ya zo ba: danginsa na ɗaukar tsutsar Centrocestus formosanus mai lalata wurin numfashin kifi. Kafin a ce ya rage tsargiya, sai a tsayar da wurare, a ƙirga Bulinus cikin ciyayi rani da damina, a duba nawa ke fitar da ƙwayar cutar, sannan a gwada fitsarin yaran yankin.

Injiniya: Kafin nan dai a hana shi tsallakawa wani ruwa. A kankare laka daga jirgin ruwa, komar kamun kifi da takalma kafin a bar gaɓa, a shanya su su bushe ƙarau, kada kuma a zubar da ruwan akwatin kifin ado cikin rafi.